Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zaman Gindin Tsamiya

A makon jiya na tsaya a inda likitocin MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka tabbatar mana, a shekarar 2010, cewa abin da yake ɗauke yaranmu ba sanƙarau ba ne kamar yadda muka zata, gubar dalma ce da ke cikin duwatsun zinarin da muke kwasowa daga daji muna dakawa a tsakar gida. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara yaran da suka rasu sun haura 400, har sunayen ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma suka cika gidajen rediyo. Ƙauyenmu bai yi suna ba, amma duk wanda ya leƙa maƙabartarmu a wannan shekara ya ga jerin ƙananan kaburbura sababbi.

Da farko maigari ya sa aka yi shela cewa kowa ya bar dutse. Babu wanda ya bari, sai dai aka koma daka da dare, wasu ma suka riƙa ɓoye yaro mai jijjiga a ɗaki don tsoron kada a rufe ramukan. Liman ne ya ba da shawarar a tara gari a ji ta bakin kowa, ni kuma aka ɗora mini rubutu, tunda ni ne malamin firamare mai littafi da biro.

Zaman farko, bayan la'asar a gindin tsamiyar ƙofar fada, hayaniya ce ta cinye shi. Wani matashi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, geron bana ba zai kai mu damina ba, in mun bar dutse me za mu ci?" Wani dattijo da ya binne jikoki biyu ya miƙe zai amsa masa, kuka ya hana shi. Ni kaina a ranar ina tare da masu cewa a hana haƙa gaba ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, albashin da nake karɓa a ƙarshen wata ne ya sauƙaƙa mini wannan ra'ayi.

A zama na biyu aka aika a kira tsohuwar ungozomar garin, domin ta yi magana da yawun matan da ke cikin kulle. Ta zauna a gefen tabarma, ta gaishe da maigari, sannan ta dubi matasan ta ce, "'Ya'yana, kuna ta gardamar rami, alhali ciwon yana cikin turmi." Ta ce turmin da ake daka dutse da safe shi ake daka geron fura da rana, maigida yana dawowa rigarsa fari fat da ƙura ya ɗauki jariri, mai rarrafe kuwa duk abin da ya taɓa a ƙasa baki yake kai shi. Daga nan ta kawo abin da babu namijin da ya tuna da shi, wato ladan dakan nan da shi mata suke sayen sabulu da zubin adashi, saboda haka in aka fitar da aikin ba a duba su ba, a ɓoye za su dawo da shi. Wurin ya yi tsit, har liman ya ce, "Inna, a ci gaba, muna ji."

Sai a zama na uku aka daidaita. Aka yanke fili a bayan gari, nesa da rijiya, inda za a kai daka da injin niƙa. Duk mai aikin dutse zai yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya shigo gida, kuma kowane magidanci zai riƙa ware wa matarsa wani abu daga cinikinsa a madadin ladan daka. Na rubuta, na karanta da ƙarfi sau biyu, wani ya gyara mini kalma ɗaya, liman ya sanar bayan sallar Juma'a.

Washegari aka fitar da turame a amalanke. Na gidana gadon surukata ne, maiɗakina ta riƙe bakinsa ta daɗe kafin ta saki, ba ta kuma yi mini magana ba har dare. A mako mai zuwa zan kawo yadda ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidajenmu suka zuba sabuwa.