Fijon Baba, guduma da takardar inshora

Da la'asar sakaliya aka janyo ta zuwa garejina, wata Laraba cikin hunturu. Fijo 504 ce, salun, ruwan madara, irin wadda idan ta wuce ka a titi sai ka waiwaya. Gabanta na hagu ya shige ciki, bonet ya yi doro, lagireta na ɗigar da ɗan ruwan da ya rage. Mai ita dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya sauko daga motar da ta ja ta da ɓallen gilashin fitila a hannunsa, ya ma manta yana riƙe da shi. Wata Sharon ta haya ce da ta fito daga hanyar Kano ta bar hannunta a Kwangila ta same shi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo in ban da gwiwarsa da ta bugu.

Ya ce, "Malam, gobe da safe ka fara. Ko nawa ne."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ko guduma ɗaya ba zan ɗora mata ba sai mutanen inshora sun gan ta yadda take."

Ransa bai so ba, na ga haka a fuskarsa. Amma ina da dalili. Na fi shekara ashirin ina aikin fanel bita da fenti a Sabon Garin Zariya, da yara bakwai a ƙarƙashina, kuma asarar da ta fi yi mini ciwo a sana'ar nan gaggawa ce ta jawo ta. Wata Marsandi 230 aka taɓa kawo mini, mai ita yana da biki a gaba, ya matsa, na buga bodin na shafa fila, abin da muke cike lotsawar bodi da shi kafin fenti, tun kafin injiniyan kamfanin inshora ya iso. Da ya zo ya ce shi bai ga hatsari ba, mota ya gani a cikin gyara. Kamfanin ya ƙi biya, mai motar ya ce ni na jawo masa, rabin aikin ya koma kaina. Tun daga ranar, motar da ke da inshora sai dai mu rufe ta da tamfol mu jira.

Kafin magariba na sa babban yarona ya ɗauki hotonta ta kowane ɓangare: lambar mota, lambar bodi, mita, ƙarƙashinta, har da gefen da ba abin da ya same shi, domin shi ne zai nuna yadda motar take kafin hatsarin. Washegari ɗan Baba ya je wajen 'yan sandan da ke kula da haɗurran mota ya nemi rahoto, sannan ya sanar da kamfanin inshora a rubuce. Wannan sanarwar ba a jinkirta ta, don takardar inshora tana da wa'adin da ta yanka, kuma kiran waya kaɗai ba ya zama shaida.

Da farko mun ɗauka abin zai zo da sauƙi, tunda direban Sharon bai yi musun laifinsa ba, kuma ya nuna takardar inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Tun 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin wannan takarda ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da ake iya biya kan ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Da takardarsa ta gaskiya ce, da ta ɗauke mana kaso mai tsoka. Muka danna *565*11# a waya muka sa lambar motar, rumbun bayanan kamfanonin inshora bai san da ita ba. A hannun wani ɗan cuwa-cuwa ya saye ta tare da sauran takardun mota. Shi kansa direban sai da ya zauna a kan benci ya dafe kai, domin ya biya kuɗinsa, bai san takardar banza aka ba shi ba. Ko da 'yan sanda suka fara tsananta binciken inshora a watan Fabrairu 2025, har yau ina ganin irin waɗannan takardu a aljihun motocin da ake kawo mini.

Sai muka koma kan ta Baba. Shi babbar inshora yake da ita, wadda ke biyan gyaran motarka ko da kai ne da laifi, kuma bai taɓa fashin sabunta ta ba. Matsalar tana cikin layi guda a takardar: ƙimar motar. Adadin da ya rubuta shekaru da dama da suka wuce shi yake ta maimaitawa, saboda kuɗin da ake biya duk shekara daga ƙimar ake lissafa shi, yanzu ma ba ya gaza kashi 5 cikin 100. Ƙaramar ƙima, ƙaramin biya. Kafin a ankara naira ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, adadin nan na takarda yana nan inda yake.

Bayan kwana tara injiniyan kamfanin ya zo daga Kaduna. Matashi ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya zagaya motar da tocila, ya karanta lissafin da na rubuta layi-layi. Bai cire mini komai ba, kuma na san dalili. Ban saka tsatsar ƙasan ƙofar baya a lissafin ba, duk da ɗan Baba ya so a haɗa. Sabon karayar ƙarfe fari yake yana ƙyalli, tsohon ciwo kuwa ja ne yana marmashi, duk injiniyan da ya san aikinsa zai bambance. Idan ya kama ka da ƙari a wuri guda, sauran lissafin naka duka ya zama abin zargi.

Da ya gama sai ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, kuɗin gyaran ya fi abin da aka yi wa motar inshora. A ƙa'ida kamfani zai ɗauka ta tashi aiki, ya biya ka ƙimarta, ya ɗauki gangar jikin."

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ya kai ta ina?"

"Gwanjo ake yi, ranka ya daɗe."

A nan ne lissafin kamfani da na mai tsohuwar mota suke rabuwa, kuma ba mugunta ba ce ta raba su. Kamfani yana tambaya ne nawa za a sayi irin wannan mota a kasuwa yau. Ita kuwa 504 kasuwa ba ta san darajarta ba, saboda yawan da ta taɓa yi. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, daga 1975 aka fara harhaɗa ta a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, aka ci gaba da yin ta a ƙasar nan shekaru da yawa bayan Turai sun daina. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar malamin jami'a, ita ce ta haya daga Zariya zuwa Funtuwa da Sakkwato. Don haka idan aka ce 504, abin da ke zuwa ran mutane shi ne wagon ɗin tasha da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Amma masu lafiyar sun ƙare. 'Yan gwangwan sun yanka mafi yawansu sun sayar a kilo. Ta Baba mahaifinsa ne ya saye ta sabuwa fil a farkon shekarun 1980, injinta na asali, kujerunta na asali, littafin sabis ɗinta na nan a aljihun gaba. Duk wannan ba ko ɗaya da aka rubuta a takardar inshora.

Abin da ya cece mu shi ne hotunan gefen da bai lalace ba, da littafin sabis, da haƙurin ɗan Baba da ya yi ta zarya Kaduna. Ba a ƙara ƙimar ba, hakan ba ya yiwuwa bayan hatsari. Amma kamfanin ya yarda ya biya kuɗi a hannu, ya cire abin da ya ƙiyasta zai samu a gwanjon gangar jikin, ya cire kason farko da dama mai mota ke ɗauka a kowace ɓarna, ya bar wa Baba motarsa. Na shawarce shi kada ya sa hannu a takardar sallama sai ya karanta ya ga an rubuta cewa motar tasa ce. Abin da ya shigo bai kai rabin gyaran ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashar su mai Sharon suka zauna da mu, aka yi sulhu, direban ya ɗauki kuɗin lagireta da jan mota, yana biya kaɗan-kaɗan. Baba ya yafe masa saura. Ya ce yaron yana da iyali.

Sai aiki. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban, bodin ne yake ɗauke da komai, saboda haka idan ƙafar gaba, wato ƙarfen bodi da ke riƙe da gaban motar, ta karkace, duk fentin duniya ba zai hana ta cin taya ba. Muka sauke injin, muka ɗaure motar, muka ja ƙafar hagu da sarƙa da jek a hankali, ana ja ana gasawa ana sassautawa. Kowane ja sai na auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama, har awon biyu ya zo daidai. Kwana huɗu wannan kaɗai ya ci. Bonet ɗin na ƙi canzawa. Ƙarfen wancan zamani yana da kauri, yana jin guduma, idan ka bi shi sannu yana komawa mazauninsa. Ina bugawa ina shafawa da tafin hannu ido a rufe, don hannu yana jin tudun da ido ba ya gani. Yarana sun so a cika ramin da fila a huta. Na hana. Fila mai kauri a kan bonet, da zafin inji daga ƙasa da ranar watan Afrilu daga sama, shekara guda ta tsage.

Neman kaya ya fi bugun wahala. Madigadin hagu ya yage, ba ya gyaruwa. Na taka Panteka a Kaduna sau biyu, na aika Ƙofar Ruwa a Kano. Sababbin da ake samu na kwaikwayo ne, sirara, ramukan kusoshinsu ba sa haɗuwa. A ƙarshe wani tsohon direba ya kai ni wani gida a bayan Giwa, inda wata wagon ta shekara da shekaru a kan duwatsu, kaji na ƙwai a cikinta. Gaban wagon da na salun ɗaya ne. Muka cire madigadin da fitilar hagu, gilashinta garau, irin mai kusurwar nan da ake gane 504 da ita tun daga nesa. Bamban gaba kuwa nasa na asali muka miƙe a kan katako, don kada guduma ta bar masa tabo.

Fenti ya ɗauke mu mako guda. Ruwan madarar da ya sha rana shekara arba'in ba shi ne na cikin gwangwani ba. Na cire murfin tankin mai na kai wa mai haɗa fenti, ya haɗa sau biyar, kowanne muna fesawa a ɗan ƙarfe mu jera da ƙofa, mu duba da hantsi mu sake dubawa da yamma. Na biyar ne ya ɓace a jikin ƙofar.

Tun daga aikin nan, duk mai tsohuwar mota da ya shigo garejina, ko canjin mai ya kawo shi wajen maƙwabcina bakanike, sai na tambaye shi abin da aka rubuta a takardarsa. Ina gaya masa ya nemi kamfanin su turo injiniya ya ga motar tana lafiya, a yi yarjejeniya kan ƙima a rubuce, a haɗa da hotuna da rasit na gyare-gyare, a riƙa sake dubawa duk lokacin sabuntawa. Ba kowane kamfani ke karɓar mota mai shekaru haka ba, sai an nema. Waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai takaful, wato inshora a tsarin Musulunci, kuma a can ma ƙimar da ka rubuta ita za ka tarar ranar da abu ya faru.

Wata uku da kwanaki motar ta yi a wurina. Ranar da Baba ya zo ɗauka, ya zagaya ta sau biyu bai ce komai ba, ya tsuguna a gaba yana kallon tsakanin bonet da madigadi. Zakin nan na gaban motar ne kaɗai ban samu ba, nasa ya tsage ta ƙafa ɗaya, na liƙe shi na mayar. Na nuna masa, na ce ina ci gaba da cigiya. Ya ɗora yatsa a kan tsagin ya ce a bar shi, wannan ɗin ne ya zo da motar. Ya ciro ambulan daga aljihu ya miƙo mini, takardar da zai kai wa kamfanin ce kan sabuwar ƙima, yana so in rubuta duk aikin da aka yi in sa hannu. Na rubuta a kan bonet ɗin. Ya tada ta, ta kama a bugu ɗaya, ya fita ta hanyar PZ ya nufi Samaru.