Abin da Sabon Mai Haɗa Waƙa Ya Kamata Ya Fara Koya

Matasa da yawa da suka mallaki kwamfuta da manhajar FL Studio ko Cubase sukan ɗauka cewa daɗin waƙoƙin manyan situdiyo daga tarin fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ƙarawa a cikin babbar manhaja, yake fitowa, don haka sai su shafe watanni suna farautar sababbi. A ganina, mafi yawan aikin mikisin, haɗa murya da kayan kiɗa su zama waƙa ɗaya ke nan, daidaita ƙarfin layukan da aka ɗauki kowane sauti a kansu ne, wato sanin wane sauti zai fito gaba, wane kuma zai koma baya, kuma wannan ba ya bukatar komai sai kunne da haƙuri.

Kafin a taɓa kowane fulogin, a sauke dukkan layuka ƙasa, sannan a riƙa ɗago su ɗaya bayan ɗaya ana kallon mitar da ke nuna ƙarfin sauti. A na'urar kwamfuta, sifili na desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, shi ne iyaka, kuma duk sautin da ya ƙetare shi zai fashe ya riƙa karce kunne, shi ya sa ake barin tazarar kamar desibel 6 a babban layi domin mai yin mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa, ya samu wurin aiki. Ni da murya nake so a fara, domin mai sauraron waƙar Hausa, ta soyayya ce ko ta bege ko ta siyasa, baiti yake bi, kuma idan kalma ɗaya ta nutse cikin kiɗa ya yi asara. Bayan murya sai ganga da bes, kiɗan nan mai kaurin amo, waɗanda su ma ake ajiye su a tsakiya, sannan a raba fiyano da jita da 'yan amshi zuwa hagu da dama domin kada su yi wa babbar murya cunkoso.

Daga nan sai ikwalaiza, wadda ake rage ko ƙara wani sashe na amo da ita, daga mai kauri zuwa siriri, kuma a nan ne ya dace a daɗe. Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga kimanin 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato daga mafi kauri zuwa mafi siranta a ma'aunin amo, kuma kowane abin kiɗa yana da rumfarsa a wannan kasuwa, matsala tana tasowa ne idan biyu suka baje kaya a rumfa guda. A layin murya, abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz galibi rugugin janareto ne ko na fanka ko iskar baki, don haka a yanke shi. Tsakanin 200 da 400 Hz ne waƙa take yin nauyi ta dagule idan kayan kiɗa suka taru, kuma ɗan ragi a layin fiyano yakan buɗe wa murya hanya fiye da duk wani ƙari da za a yi mata. Fitowar kalmomi tana tsakanin 2,000 da 5,000 Hz, amma idan aka ɗaga nan da yawa murya za ta zama mai kaifi har ta gajiyar da kunne, haruffan s da sh kuma, waɗanda ke sama da wannan kaɗan, su riƙa yin tsaki. Sabon hannu yakan yi saurin ƙarawa domin duk abin da ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi daɗi, alhali ragi ne yake tsabtace waƙa.

Kwamfuresa aikinta ta danne wuraren da mawaƙi ya ɗaga murya domin su kusanci wuraren da ya sassauta. Matsi na 3:1 ko 4:1, wato duk desibel 3 ko 4 da suka haura iyakar da aka saita mata ta mayar da su ɗaya, wanda yake rage desibel 3 zuwa 6 a wurare masu ƙarfi ya isa a fara da shi. Sai dai a lura da saurin kamunta, domin idan tana cafke sauti tun daga farkonsa za ta daƙushe bugun haruffa irin su ƙ da ts da ɗ, waɗanda su ne ke bambanta kalma da kalma. Ribab, wanda ke sa murya ta yi kamar a babban ɗaki ake rera ta, da amsa-kuwwa kuwa, a ɗora su a layi na daban a riƙa tura musu murya kaɗan-kaɗan, idan an fara jin su a fili a ɗan rage.

Yadda ake sauraro ma yana daga cikin aikin. Tun a 1933 masana kimiyyar sauti Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ba ya jin bes da siraran amo sosai idan ƙara ta yi ƙasa, sai an ɗaga ta suke cika. Ma'ana, waƙar da aka haɗa lasifika na girgiza ɗaki za ta iya zama fayau idan aka saurare ta a hankali, saboda haka a yi yawancin aiki da ƙarar da za a iya hira a kanta, a riƙa kuma fita shan iska, domin kunne yana gajiya ya fara yaudarar mai shi. Yana da amfani a ajiye wata waƙa da aka yarda da ingancinta a gefe, a daidaita ƙararta da ta wadda ake haɗawa, a riƙa gwada su.

Kada kuma a damu da cewa waƙar ba ta kai ta wasu ƙara ba, domin Spotify da YouTube suna rage ƙarar duk wadda ta wuce ma'auninsu. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne wayar hannu da ƙaramar lasifikar shago ko ta a-daidaita-sahu, inda akasarin jama'a za su ji ta. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da zurfin bes, da yawa kuma mafitar sauti ɗaya tak gare su, don haka a mayar da waƙar mono, wato a haɗe hagu da dama wuri guda, a saurara. Idan bes ya ɓace a ɗan ɗaga shi tsakanin 700 da 1,000 Hz, idan kuma amshi ne ya dusashe a rage faɗin da aka ba shi.