Karanta ƙasan ruwan Legas da na'urar sona

Na'urar sona, wadda masu kamun kifi ke ɗaurawa a jirgin ruwa, tana harba sauti zuwa ƙasan ruwa, ta auna lokacin da amsa ke ɗauka kafin ta dawo, ta zana maka zurfin a allo. A ruwan Epe da Ikorodu, inda galibi zurfin bai taka kara ya karya ba, ka saita mitar sautinta a kan 200 kHz. Da wannan, faɗin abin da take gani kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin: a mita 3, mita 1 kacal. Shi ya sa sai ka yi ta kai da komowa a layi kusa da juna, a hankali, kada ka wuce kilomita 5 a awa.

A allo, layin ƙasan ruwa mai kauri da haske, yashi ne ko dutse, wani lokaci har da layi na biyu a ƙarƙashinsa. Laka kuwa tana shanye sautin, layinta kan fito a dusashe. Inda biyun suka haɗu, ko bakin ramukan da masu haƙar yashi suka bari, nan tarwaɗa ke laɓewa. Danna alamar GPS nan take.

Yawancin matsala daga ɗaurin idon na'urar take, wato ɓangaren da ke cikin ruwa yana harba sautin. In ya karkace, ko yana bayan farfelar inji, kumfa za ta cika allon da ɗigo-ɗigo. Kainuwa ma haka, a riƙa cire ta. Ka ba ta batirinta daban, mai bolt 12. Kuma ruwan nan da gishiri lokacin rani, sai a wanke wayoyin da ruwan famfo bayan an dawo.