Laraba, bayan Isha'i

Tun bayan Azahar nake zaune kan tabarma da tulin takardun jarrabawar ɗalibai, jan biro a hannu. Wajen La'asar na buɗe wata na tarar da shafi guda fari fat, yaron bai ɗiga masa komai ba. Sai na ajiye biron, Tolkien, marubucin nan ɗan Ingila, ya faɗo mini a rai.

Shi da bakinsa ya ba da labari cewa yana cikin yin maki ne ya ci karo da shafi irin wannan, ya rubuta jimla ɗaya a kai. Daga ita littafinsa The Hobbit ya tsiro, aka buga shi a 1937. Duniya ta san shi da labaran dodanni, amma ba da su yake cin abinci ba. Malamin tsohon Turanci ne. Ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford yana bin asalin kalmomin da suka fara da W, ya koyar a jami'ar Leeds daga 1920, ya zama farfesa a Oxford a 1925 yana da shekara 33.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Beowulf, waƙar nan ta tsohon Turanci mai layi 3,182 da ta iso gare mu a kwafi ɗaya tak, shi ma gobarar 1731 ta lashi gefensa. Masana sun daɗe suna haƙar tarihi a cikinta, suna kawar da kai daga dodanninta kamar abin kunya. A laccarsa ta 1936 Tolkien ya tsaya kai da fata cewa waƙa ce, a karanta ta a matsayin waƙa, kuma dodannin nan su ne ƙashin bayanta. Ni dai ina ganin gaskiyarsa. A cikinta wani bawa ya saci kofi daga taskar ƙaton maciji mai aman wuta, macijin ya farka ya babbake gari. Satar kofin nan ce ta sake ɓullowa a labarin Tolkien, The Hobbit. Sunayen wadannin da ke cikin labarin ma daga wata tsohuwar waƙar mutanen Aisilan ya ɗebo su.

Da Magariba Yaya ya leƙo, na ba shi labarin. Ya ce, "Farfesa guda, da gatanan gatanan ku?" Na ce, "Yaya, ai shekara da shekaru ya yi yana karanta ta baƙi da wasali kafin ya yi tasa." Ya yi shiru, ya ɗauki buta.

Saura takarda 40. Gobe in Allah ya kai mu zan gama su da safe. Yanzu na ɗauko littafin nan mai shuɗin bango da na fara rubuta labarin macijin rijiya a ciki, wanda na bari a shafi na 9 tun damina.