Kilishina ya daina komawa ƙirgi

Alhamdu lillahi 'yan uwa, kilishin da na ɗaure tun wancan watan na buɗe shi jiya, yana karyewa a hannu, jansa na nan, babu warin tsohon mai. Masu yi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun san abin da nake nufi: ka gasa lafiya, ka ajiye, bayan 'yan makonni ya dushe ya yi tauri, tauna ta koma aiki. Damina ta bara naman kusan sidi 600 na raba wa yara haka nan, don kunya ba za ta bar ni in kai wa mai saye ba. Har yau abin na ci mini rai.

Kowa ya ce danshin Kumasi ne, in ƙara shanya. Na ƙara, abin ya ƙara muni.

Ashe man da ya saura a tunkuza ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na man gyaɗa wani nau'i ne da ake kira linoleyik, shi kuwa ba ya jure iska. Oksijin na kama shi a hankali, da farko ba wari ba ɗaci, shi ya sa ake ruɗuwa. Daga baya ya farfashe zuwa ƙananan sinadarai. Ɗaya shi ne heksanal, mai warin nan da muka sani. Amma masu ɓarnar gaske su ne wasu biyu da ake kira MDA da 4-HNE a taƙaice; shi 4-HNE wani masanin kimiyya Esterbauer da abokan aikinsa ne suka gano illarsa a 1980. Su waɗannan biyun, furotin ɗin naman suke bi. 4-HNE yana liƙe wa sistin da histidin da laisin, wato wasu daga cikin tubalan da suka gina furotin, MDA kuma yana kama laisin ta nan ya kama ta can, ya ɗaure zaren nama biyu wuri guda. Taurin ke nan, kuma laisin ɗin da aka ɗaure jiki ba ya samun amfaninsa yadda ya kamata. Launi ma haka: 4-HNE na hanzarta lalacewar mayoglobin mai ba nama ja, ƙarfen da ke cikinsa ya saku, ya koma yana ƙara hura wutar lalacewar man. Kuma abinci in ya bushe ƙamas fiye da kima, mansa ya fi saurin lalacewa. Shawarar ƙara shanya ta ci ni ta nan.

Yanzu ba na sayen tunkuza sai wadda aka matse a gabana, in sa a sake matsawa, ko da mai ita za ta harare ni. Kitse kaf nake yankewa. Ragar ƙarfen nan mai tsatsa na jefar, na koma asabari. Citta da kanumfari na ninka a labu, su biyun suna rage wa mai saurin lalacewa, sai dai kanumfari in ya yi yawa yana danne komai, ku yi a hankali. Kilishin yana hucewa nake sa shi a baƙar leda, in matse iska, in ajiye nesa da rana da murhu.

Gishiri ne ya rage mini. Shi ma yana taimakon wannan lalacewar, amma da na rage sai labun ya yi lami. Wanda ya samo ma'aunin da ya yi masa daidai a kilo ɗaya, don Allah ya faɗa mini kafin hunturu ya shigo.