Abin da na koya wajen duba yaron da ya bugu a kai

Idan aka kawo yaro sashen gaggawa da rauni a kai, ba kan nake fara taɓawa ba. Numfashi tukuna, sannan bugun jini, wani kuma ya riƙe wuya kada ya motsa. Jinin fatar kai yana da yawan zuba, yana ɗauke hankalin sabon ma'aikaci, alhali danne wurin da bandeji yakan tsayar da shi. Idan awon hawan jini ya faɗi ƙasa, a nemi zubar jini a ciki ko ƙirji. Jariri ne kawai kan iya asarar jini mai yawa a cikin kai. Ina gwada sikari tun da wuri, don ƙarancinsa ma yana kawo magagi.

Daga nan sai ma'aunin Glasgow, wanda ke auna yadda yaro yake cikin hayyacinsa, maki 3 zuwa 15, da haska tocila a ido a ga ko baƙin idon biyu daidai suke. Maki 8 ko ƙasa, a tsare hanyar numfashi.

Wurin da ƙululu ya fito a kan yaron yana da magana. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 2, na goshi bai cika damuna ba, amma na ƙeya ko na gefen kai, musamman mai laushi kamar soso, yana iya ɓoye tsagewar ƙashi. Ina shafa maɗiga in ji ko ta kumbura alhali yaron ba ya kuka. Sannan in leƙa kunne: jini a bayan dodon kunne, ko ruwa garai-garai daga hanci, alamar karayar gindin ƙoƙon kai ce, kuma a nan ba a zura bututu ta hanci.

Ba kowane yaro ke buƙatar hoton CT, wato hoton cikin kai, ba. Ƙa'idar PECARN ta 2009, wadda ke nuna wa likita yaron da za a yi wa hoton, ta taimaka: makin Glasgow 14 ko ƙasa, ko alamar karaya, a ɗauki hoto. Amai, suma, ko faɗowa daga sama da mita 1.5 ga babban yaro, ana iya ajiye shi awa 4 zuwa 6 ana lura.

Lurar nan ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jinin da ke taruwa tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa yakan bar yaro yana wasa garau, bayan awa biyu ya fara gyangyaɗi. Shi ya sa nake sake awo duk rabin awa da farko, in rubuta lokaci. Uwa kuwa in ta ce “wallahi ba haka yake ba,” na kan ɗauki maganarta tamkar sakamakon gwaji. Haka nan idan aka ce jariri ɗan wata biyu ya mirgino daga gado, sai in tuɓe shi in duba jikinsa duka ko an cutar da shi, domin ɗan wata biyu ba ya mirginawa.