Littafin bashin Baba

Yau na ci karo da tsohon katin ɗalibtata na Malesiya a cikin wata jaka, sai na zauna ina ta tunani.

A 2014 na sauka Cyberjaya karatun kwamfuta, burina kawai in samu digiri in dawo in nemi aikin banki. Sai 2016 ta zo. Naira ta faɗi, dalar da hukuma ke sayarwa 197 ta haura 400 a kasuwar bayan fage. Kuɗin da Baba ke aikowa daga shagonsa na Kantin Kwari ya daina kai ni ƙarshen wata. Dokar can kuma ba ta barin ɗalibin waje ya yi aiki sai lokacin hutu, awa 20 a mako, a gidan abinci, otal, gidan mai ko ƙaramin kanti.

Wata rana a waya Baba yake kukan littafin bashinsa ya jiƙe da ruwan sama, sunaye sun goge. Na ce, "Baba, bari in gwada wani abu."

Manhajar farko da na yi masa ta rubuta bashi a waya ba ta yi ba, wallahi. Na gina ta da tunanin intanet ɗin Cyberjaya, ga ta da Turanci zalla. Baba ya ce, "Kai, wannan ai ta 'yan boko ce." Na sake ta daga tushe: Hausa, manyan lambobi, tana aiki ko babu data.

Maƙwabtansa na layi su ne kwastomomina na farko. Har gobe wani dattijo a cikinsu yana rubutawa a waya, sannan ya sake kwafewa a littafi, wai ko da tsautsayi.